Faɗakarwa ga Faƙirai da Labarin Shehu Mujaddadi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai na Mafara da Bakura da Maradun, na ji waɗansunku suna fid da 'ya'yansu daga karatu, suna kafa hujja da talauci. Ni ma da riga ɗaya na tashi, na san zafin yunwa. Don haka nika ba ku labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi.

Ku sani, an haife shi a Maratta, shekara ta 1168 (1754), yat tashi a Degel, gidan malanta ne ba gidan sarauta ba. Yay yi karatun Alƙur'ani ga mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, kana yab bi malamai, kamar Usmanu Binduri da Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas. Shina da shekara 20 yaf fara wa'azi. Yaz zamna ƙasarku ta Zamfara wajen shekara 5, shina karantad da maza da mata a Faru. Bai bar ɗalibta ba ko da yaz zama malami, don ya karanci Buhari ga Muhammadu ɗan Raji. An ruwaito igiya shika tufkawa shi ci gumin hannunsa, tufansa kuwa ba su wuce ƙirgar yatsu ba.

A shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo yat tara malamai ga Idi a Magami, yam miƙa masa zinariya mithƙali 500. Shehu yaƙ ƙi karɓa. Yan nemi abu biyar a madadinta: a bar shi shi kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙe haraji ga talakawa. Sarki yay yarda.

Ku duba, ya 'yan'uwa: da zinariya yak karɓa, da bakinsa ya rufe. Ilimi da wadatar zuci sunka sa faƙiri yat tsaya gaban sarki shina ceton talakawa. Ya rasu a Sakkwato, 1232 (1817).

To, ku mai da yaranku ga allo, ko da tsumma suka sanye. Wuridi ba shi tsayawa bisa jahilci. Allah shi ba mu albarkacinsa, amin. Tammat.