Muhammadu Bello Maiwurno: Ɗan Sarkin Musulmi a Bakin Kogin Nilu

Gabatarwa

Daga cikin 'ya'yan gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo waɗanda zuwan Turawa ya raba da ƙasar haihuwarsu, babu wanda tarihinsa ya fi cancantar nazari kamar Muhammadu Bello Maiwurno. Mutum ne da ya tashi cikin gidan sarauta a ƙasar Sakkwato, amma ya ƙare rayuwarsa a wani garin manoma a ƙasar Sudan, inda ya fara zama a matsayin baƙo. Wannan maƙala za ta duba yadda ya isa can, da yadda shi da jama'arsa suka saba da zaman wurin.

Asalinsa

Bello ɗa ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na farko, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu. Maiwurno kuwa laƙabi ne da ake yi wa masu sunan Bello, domin tunawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno, kuma can aka rufe shi a shekara ta 1837. Mahaifinsa ya hau gadon sarauta a shekara ta 1902, watau a daidai lokacin da rundunar Lugga ta doso ƙasar Hausa, saboda haka mulkinsa a Sakkwato bai kai shekara guda ba.

Hijira

A ran 15 ga watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Attahiru ya ga ba zai iya zama ƙarƙashin hukuncinsu ba, sai ya nufi gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Dama tun zamanin jihadi akwai maganar da ta bazu cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su tashi zuwa wajen kogin Nilu, to, wannan ya sa mutane suka ɗauki fitar Sarkin Musulmi a matsayin cikar alkawari. Duk inda ya ratsa, ciki har da ƙauyukan kudu da gabashin Kano, talakawa suka riƙa barin gonakinsu a bakin damina suna bin sa, har da manya irin su Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa.

Turawa suka ga idan aka bari ƙasa za ta zama kango, sai suka bi sawu. Aka yi karo na ƙarshe a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ran 27 ga watan Yuli na 1903, inda Attahiru ya rasu tare da ɗaruruwan mutanensa. Bello yana cikin waɗanda suka tsira, kuma a kansa nauyin sauran jama'a ya sauka. Ya bi da su tsohuwar hanyar alhazai ta gabas, tafiyar da ta ci kusan shekara uku, domin masu bin wannan hanya sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri kafin su ci gaba.

Saukarsa a Sudan

A shekara ta 1906 ya iso bakin reshen Nilu wanda Larabawa ke kira Bahar Azraƙ, kusa da Sannar, tsohuwar hedikwatar daular Funj. Ya fara sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, wanda Fulani 'yan'uwansa suka kafa tun da jimawa. Daga baya ya ƙetare kogin zuwa gaɓar yamma ya sari daji ya kafa nasa gari, wanda aka sa wa sunansa, Maiwurno.

A nan ne abin mamaki yake. Turawan da ya guje wa a gida, su ne ya tarar suna mulkin Sudan, domin sun rushe daular Mahadi a Omdurman tun shekara ta 1898. Sai dai buƙatarsu a can ta bambanta. Yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage jama'ar ƙasar ƙwarai, ga fili mai albarka babu masu nomawa, saboda haka suka ba shi izinin zama, suka kuma amince da shi a matsayin shugaban mutanen yamma, har ana kiran sa Sultan. Shi kuwa ya karɓa, domin jama'ar da ke bayansa sun gaji, suna buƙatar ƙasar noma da kwanciyar hankali.

Zaman Yau da Kullum

Abin da ya sauƙaƙa musu zama shi ne ƙasar ta yi kama da wadda suka baro. Dawa ce abincin mutanen wurin, da damina ake shuka ta kamar a gida, da rani kuma idan kogi ya janye a yi noman fadama a gaɓarsa. Hausawa daga cikinsu suka kama su, wasu suka shiga fatauci. Matansu suka koyi yin kisira, wata irin waina mai faɗi ta garin dawa, ba su kuwa bar tuwo da fura ba. Addini ɗaya ne da na masu ƙasa, amma harshe ya zama aiki, domin Larabcin kasuwa dabam yake da na littattafan da malamansu suka karanta. Haka garin ya zama mai harsuna uku, Fulatanci da Hausa a cikin gida da unguwa, Larabci a kasuwa da gaban hukuma. Larabawa kuwa suka haɗa su duka suka kira su Fallata ko Takari.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a shekara ta 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙaru. Garin Maiwurno ya zama zango, alhazai masu tafiya ƙasa su sauka, su yi aikin auduga, wasu su wuce, wasu su zauna ɗungum. Bello ya riƙa tura mutanensa suna kafa sababbin ƙauyuka a bakin koguna, shi ke raba fili, shi ke sasanta rigima. Ya riƙe wannan matsayi har rasuwarsa a shekara ta 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi.

Kammalawa

Duk da shekara talatin da takwas da ya yi a ƙasar, baƙunta ba ta sake jama'arsa ba. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1948, aka yi dokar da ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda zuri'arsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen shekara ta 1897, alhali mutanen Burmi sun iso bayan haka. Wannan ya jefa da yawa daga 'ya'yansu cikin wahalar samun takardar zama ɗan ƙasa. Amma garin ya tsaya, harsunan ma ba su mutu ba, har wani ɗan garin, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, ya rubuta littattafai kan yadda Fulatanci da Hausar Sudan suka cuɗanya da Larabci. Ga ɗalibin Hausa, tarihin Maiwurno ƙofa ce ta nazarin wani karin harshe wanda ya rabu da Sakkwato da Kano fiye da shekara ɗari. Allah ya jiƙansa da rahama.