Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Daga Takobi Zuwa Ƙuri'a

An haifi Ahmadu a garin Rabah wajen shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello wanda kabarinsa yake Wurno. Ashe ke nan ya taso ne a gidan da ya sami mulki ta hanyar jihadin 1804, wanda ya kawar da sarakunan Haɓe, ya haɗa ƙasashen Hausa a ƙarƙashin tuta ɗaya.

Bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Da gadon Sarkin Musulmi ya faɗi a 1938 ya nema bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna. Abin da gado ya hana shi, siyasa ce ta ba shi, don kuwa ya zama shugaban jam'iyyar NPC, kuma a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

A nan ne zamani ya juya. Kakanninsa da takobi suka kafa mulki, shi kuwa sai da ya nemi yardar talaka. A zaɓen 1951 talaka ba ya zaɓen ɗan majalisa kai tsaye. Sai ya zaɓi wakili, wakilai su zaɓi na gaba, hawa-hawa, ga kuma hannun En'e a ciki. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙi da wannan tsari, 'ya'yanta suka sha duka da ɗauri. A zaɓen tarayya na 1959 ne mazan Arewa duka suka jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce. Cif Awolowo ya riƙa sauka a ƙauyuka cikin jirgi mai saukar ungulu, dole 'ya'yan sarauta suka fito neman ƙuri'ar mutanen da a da umurni kawai suke ba su. NPC ta ci kujeru 134 daga cikin 312, amma Sardauna ya zauna a Kaduna, ya bar mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista a Ikko.

Sai dai ƙuri'ar nan rabi ce. Matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa kuwa gwamnatinsa ta hana su, bisa hujjar al'ada da addini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da yawa a kan wannan gwagwarmaya. Sai a 1976, shekara goma bayan rasuwarsa, aka ba matan Arewa wannan 'yanci.

Haka ma wajen addini akwai fuska biyu. Ya ɗauki Kirista a majalisar ministocinsa, irin su Michael Audu Buba, kuma a 1960 ya kawo dokar laifuffuka ɗaya ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Amma rangadin musuluntarwa da ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya tayar da hankalin ikilisiyoyi da ƙananan ƙabilu, ganin Firimiyan kowa ne ke jagorantarsa.

Ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ya tura 'ya'yan Arewa makaranta da aikin gwamnati da soja. Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Ƙuri'a ta tafi, ba a sake zaɓen gwamnatin farar hula ba sai 1979.

'Yan'uwa ɗalibai, ƙuri'ar nan ba daga sama ta faɗo ba, wasu ne suka kwana a kurkuku dominta. Idan lokacinku ya yi, maza da mata, kada ku sayar da ita a kan sabulu ko mudun shinkafa.