Per Albin Hansson, ɗan magini da ya shugabanci Suwed

An haifi Per Albin Hansson ranar 28 ga watan Oktoba na 1885 a gefen birnin Malmo, kudancin ƙasar Suwed. Mahaifinsa magini ne, gidansu kuwa na talakawa. Bai daɗe a makaranta ba, tun yana yaro ya shiga aikin ɗan aike a kanti. Sauran iliminsa da kansa ya neme shi, cikin littattafai da tarurrukan ma'aikata. A 1903 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samarin jam'iyyar ma'aikata. Daga nan ya zama ɗan jarida, ya shiga majalisar dokoki a 1918, ya riƙe ministan tsaro, kuma a 1925 jagorancin jam'iyya ya dawo hannunsa. A 1928 ya bayyana wa majalisa burinsa, wato ƙasa ta zama kamar gida guda inda ba ɗan mowa ba ɗan bora.

Ba a jima ba aka gwada wannan buri. A arewacin Suwed akwai wani yanki mai suna Odalen, ƙasar itatuwa, inda garuruwa suka dogara ga masana'antun da ke dafa itace ya zama ƙullun yin takarda. A 1930 aka nemi rage albashi a wata masana'anta, ma'aikata suka shiga yajin aiki, ƴan uwansu na Odalen suka mara musu baya. Masu masana'anta suka ɗauko wasu mutane daga waje don su karya yajin, hukuma kuma ta turo soja su tsare su. Ranar 14 ga watan Mayu na 1931 dubban ma'aikata suka yi jerin gwano zuwa ƙauyen Lunde. Soja suka buɗe wuta, mutum 5 suka mutu, cikinsu har da wata budurwa mai shekara 20 wadda kallo kawai take yi.

Hankalin ƙasa ya tashi. Hansson ya la'anci harbin, amma ya ɗora wa ƴan kwaminis wani kashi na laifin, abin da ya jawo masa zargi daga ma'aikata da yawa. Duk da haka zaɓen 1932 ya ba shi muƙamin faraminista. Bayan abin da ya faru a Odalen aka daina tura soja cikin rigimar ƙwadago, aka bar wa ƴan sanda aikin kiyaye doka. A 1938 ƙungiyar ƙwadago da ta masu masana'antu suka sa hannu kan yarjejeniyar Saltshobaden, wadda ta shimfiɗa yadda za a riƙa sasantawa kafin a kai ga yaji. A shekarar ce kuma doka ta ba ma'aikaci hutun mako 2 da albashinsa. A 1942 ɓangarorin biyu suka ƙara wata yarjejeniya kan kare lafiyar ma'aikaci daga haɗarin injuna da guba a wurin aiki.

Lokacin yaƙin duniya na biyu Hansson ya hana Suwed shiga yaƙi, sai dai ya bar sojan Jamus suka ratsa ƙasar cikin jirgin ƙasa, kuma tarihi bai yafe masa wannan ba gaba ɗaya. Ya rasu a Istokolm ranar 6 ga watan Oktoba na 1946, da dare, yana saukowa daga jirgin ƙasa na cikin gari, irin wanda ma'aikata ke shiga, a kan hanyarsa ta komawa gida.