Marigayi Mohamed Amin, Mai Ɗaukar Hoton Jarida

An haifi Mohamed Amin a birnin Nairobi na ƙasar Kenya cikin shekarar 1943, amma a Dar es Salam ya tashi. Tun yana ɗan makaranta ya mallaki kyamara, ya koyi ɗaukar hoto da wanke shi, har jaridu suka soma sayen hotunansa. Da sana'ar ta kankama sai ya bar makaranta, ya kafa kamfaninsa mai suna Camerapix a 1963.

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne na yunwar ƙasar Habasha a 1984. Ya isa garin Korem, ya ɗauko hotunan talakawan da fari da yaƙi suka raba da gonakinsu. Da gidan talabijin na BBC ya nuna su cikin watan Oktoba, hankalin duniya ya tashi, gudummawa ta yi ta kwarara, aka ceci rayuka masu yawan gaske.

A 1991 wani rumbun makamai ya fashe a Adis Ababa, ya rasa hannunsa na hagu, amma wannan bai hana shi komawa bakin aiki ba. Ya rasu ran 23 ga Nuwamba, 1996, sa'ad da jirgin saman Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros. Allah ya jiƙansa, amin.