Zalika Sule

An haifi Zalika Sule a Yamai a shekara ta 1947. A wancan lokaci, da wuya a ga ɗiya mace ta Nijar cikin silima. A 1966, tun tana budurwa, ta fito cikin wani fim na Mustafa Alasan. Daga baya ta yi aiki da Umaru Ganda. Fim ɗinsu, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyauta a bikin silima na Wagadugu a 1972.

Sau da yawa Zalika takan fito a matsayin muguwar mace. Waɗansu mutane ba su gane wasa ne ba, suna tsammani halinta ne. Suka riƙa zaginta, amma ba ta bar aikinta ba.

Da silimar Nijar ta ja baya, Zalika ta sha wahala. A 2004 Rahamatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta. Zalika ta rasu ran 27 ga watan Yuli, 2021. Ta share wa mata hanya.

Tambaya: Don me mutane suka riƙa zagin Zalika?