Mary Mahoney: Mai wanki da girkin asibiti da ta zama ma'aikaciyar jinya

A Makarfi, inda kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris take, da ma Ikara da Kudan, ba wuya ka ga matashiya tana aikin shara ko jiran shagon magani, burinta ta tara kuɗin karatun jinya. Tarihin Mary Eliza Mahoney ya shafi irin waɗannan mata.

An haife ta a shekarar 1845 a Dorchester da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Iyayenta bayi ne da suka samu 'yanci, suka ƙaura daga jihar North Carolina.

Tun tana budurwa ta kama aiki a asibitin mata da yara na New England da ke yankin Boston. Ta shafe kimanin shekara 15 tana girki da wanki da goge-goge, tana kuma kallon yadda ake kula da marasa lafiya.

A 1878, tana da shekara 33, makarantar jinya ta asibitin ta ɗauke ta. Karatun na wata 16 ne, kuma ba zaman aji kaɗai ba ne. Ɗalibai kan yi aiki a ɗakunan majinyata na tsawon awa 16 a rana, daga asuba har dare, sannan su halarci darussa. Akan kuma tura su jinyar marasa lafiya a gidajensu.

Wahalar ta kori mafi yawansu. Cikin ɗalibai kimanin 40 da suka fara, waɗanda suka kammala a 1879 ba su wuce huɗu ba. Mahoney na cikinsu, ta zama baƙar fata ta farko a Amurka da ta samu takardar shaidar ƙwarewa a aikin jinya.

Sai dai takardar ba ta kawar da wariyar launin fata ba. Don haka ta fi yin aiki a gidajen masu hali, inda ta yi suna wajen haƙuri da iya kula da majinyaci.

A 1908 tana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ma'aikatan jinya baƙaƙen fata ta ƙasar. Daga 1911 zuwa 1912 ta shugabanci wani gidan marayu a jihar New York.

Ta rasu ranar 4 ga Janairun 1926 bayan fama da sankarar mama, tana da shekara 80. A 1936 aka ƙirƙiro lambar yabo da sunanta, wadda har yau ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ke bayarwa.

Ga mai haɗa aiki da karatu a yau, abin lura shi ne shekarun da Mahoney ta yi tana wanki ba su tafi a banza ba. Ta shiga aji ne ta riga ta san asibiti ciki da waje.