Konrad Zuse: Injiniyan da ya sake ƙera kwamfutarsa da ka bayan shekara 50

A gidan adana kayan tarihin fasaha na birnin Berlin da ke ƙasar Jamus, akwai wata na'ura mai faɗin babban teburi, wadda aka harhaɗa da dubban falle-fallen ƙarfe. Sunanta Z1. Mai ziyara zai iya ɗauka ita ce aka ƙera a 1938, alhali ta asalin ta salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu tare da takardun zanenta. Wadda ake gani a yau, maƙerin ta farkon ne ya sake ƙera ta yana dattijo, ba shi da abin dogaro sai abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa da 'yan hotuna.

An haifi Konrad Zuse a Berlin ranar 22 ga Yunin 1910. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ya kammala karatun injiniyan gine-gine a 1935, ya kama aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Henschel, inda aikinsa shi ne lissafin nauyin da sassan jirgi za su iya ɗauka. Lissafi ne iri ɗaya da ake maimaitawa daga safe zuwa yamma, kuma gajiya da shi ce ta sa ya ajiye aikin ya koma gida, ya mayar da falon iyayensa maƙera.

Daga 1936 zuwa 1938 shi da abokansa suka riƙa yanka falle-fallen ƙarfe da ƙaramin zarto. Na'urar da ta fito ta kai nauyin kilo dubu. Tana lissafi da sifili da ɗaya kaɗai, kamar kwamfutar yau, tana da ma'ajiya mai ɗaukar lambobi 16, kuma tana karɓar umarni daga tsohon zaren fim na silima da aka huhhuda. Matsalarta ita ce yankan hannu ba ya fita daidai, don haka ƙarafan sukan cije, aiki ya tsaya.

Wannan ne ya sa ya koma ga makunnan lantarki irin na ofishin tarho, da yawansu tsofaffi da aka cire daga aiki. Da su ya ƙera Z3, ya nuna ta ga masana ranar 12 ga Mayun 1941, kuma ita ce ake ƙirgawa a matsayin kwamfuta ta farko mai bin umarni da kanta da ta yi aiki sosai. Bai kamata a ɓoye ba cewa a ƙarƙashin mulkin Hitler ya yi wannan aiki, har ma ya ƙera wa Henschel na'urorin lissafin fikafikan bama-bamai masu tafiya da kansu, ko da yake bai shiga jam'iyyar Nazi ba. Ruwan bama-baman da aka yi wa Berlin ya cinye Z1 da Z3. Z4 kaɗai ya tsira da ita, ya ɓoye ta a wani ƙauye na kudancin Jamus, kafin jami'ar fasaha ta Zurich ta karɓe ta haya a 1950.

Kamfaninsa, Zuse KG, wanda ya kafa a 1949, ya ƙera kwamfutoci fiye da 250 kafin bashi ya yi masa yawa, Siemens ya mallake shi. A 1967 kotu ta hana shi takardar mallakar ƙirƙirar Z3. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne littattafan tarihi na ta ambaton na'urorin Amurka da Birtaniya, shi kuwa ba shi da abin nunawa. Tun a 1961 kamfaninsa ya sake ƙera Z3, wadda ke gidan tarihi na Munich. Saura Z1, kuma ita ta fi wuya.

A 1987, yana da shekara 77, ya zauna a gidansa na Hünfeld ya fara zana sassanta ɗaya bayan ɗaya, sassa kusan 30,000. Kowane falle sai ya tuna siffarsa, da ramin da ke jikinsa, da sandar da ke tura shi, da fallen da shi kuma zai tura. Wasu ɗalibai suka taya shi haɗawa, Siemens da wasu kamfanoni suka ɗauki nauyin kuɗin, wanda ya kai mak 800,000 a kuɗin Jamus na lokacin. Ana tsakiyar aiki ciwon zuciya ya kwantar da shi. Da ya samu sauƙi ya koma kai, aka kammala a 1989.

A nan ne masana ke yin taka-tsantsan. Mutumin da ya zana Z1 a karo na biyu ya riga ya shafe shekara 50 yana ƙera kwamfutoci, kuma da wuya ya iya raba abin da ya sani a 1936 da abin da ya koya daga baya. Sassan ma injin zamani ne ya yanka su, ba zarto ba. Don haka babu mai iya rantsuwa cewa kowane falle haka yake a ta asali. Farfesa Raúl Rojas na Berlin ya ɗauki tsawon lokaci yana bin zane-zanen da Zuse ya bari kafin ya iya bayyana yadda na'urar ke tarawa da rabawa, domin dattijon bai rubuta cikakken bayani ba.

Sabuwar ma ta gaji halin tsohuwar, tana cijewa, kuma Zuse ne kan je ya kwance ta da hannunsa. Ya rasu ranar 18 ga Disambar 1995 yana da shekara 85, kuma tun daga lokacin ba a ci gaba da kunna ta ba.